Bayani A Kan Gina Ɗakin Majigi A Gida: Duhu Ake Fara Tanada

 

Dalilin wannan bayani shi ne, wani almajirina na dā, wanda yanzu Allah ya buɗa masa yana sayar da yadi a Kantin Kwari, ya zo mini wata rana bayan la'asar ransa a ɓace. Muka gaisa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an cuce ni." Na ce, "Subhanallahi, Alhaji, da me?" Ya ce shi dai ya gaji da yaransa suna sulalewa da dare zuwa gidan kallon ƙwallo, ba ya sanin da wa suke zama, ba ya sanin abin da ake nuna musu bayan an tashi wasa. Saboda haka ya yi niyyar ya kawo musu kallon cikin gida, inda idonsa yake. Ya sayi majigi da kuɗi masu nauyi, ya sa aka kafa shi a falonsa, aka kunna. Sai ga hoto fari fat kamar rigar da ta sha wanki ta koɗe, ba a rarrabe fuskar mutum da bangon da ke bayansa. Ya ce lalle mai kanti ya sayar masa da jabu.

Na tafi na gani da idona, gama gani ya kori ji. Na tarar da falo mai manyan tagogi uku, bango fari, silin fari, ƙasa an shimfiɗe ta da farin tayil mai ƙyalli. Na ce masa ya dakata da zargin mutum tukuna. Daga nan na zauna da masu wannan sana'a na yi ta tambaya, na kuma duba abin da masana suka rubuta, har na fahimci inda matsalar take. Abin da na samu shi ne zan zayyana a nan, domin kada wani ya zubar da dukiyarsa, ko ya ɗauki alhakin wanda bai cuce shi ba.

Fasali na farko: Asalin abin

Ka sani, ya ɗan'uwa, wannan hikima ba jiya aka fara ta ba. Akwai wani malami, Hasan ɗan Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Ya wallafa littafi mai juzu'i bakwai a kan gani da haske, sunansa Kitabul Manazir. Ya jarraba ajiye fitilu a wajen wani ɗaki mai duhu wanda ke da 'yar ƙaramar kafa, sai hasken kowace fitila ya ratsa kafar ya sauka a nasa wuri a bangon ciki. Kadan ya rufe fitila guda, sai haskenta kaɗai ya ɓace, sauran suna nan. Da wannan ya tabbatar haske miƙe yake tafiya, ba ya karkata, ba ya kuma cakuɗewa da ɗan'uwansa a hanya. Riƙe wannan magana da kyau, gama duk ginin da za mu yi a kanta zai tsaya.

A wajen 1659 wani masani na ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya zana fitila mai jefa hoton da aka yi a kan gilashi zuwa bango. Turawa suka kira ta fitilar sihiri, kuma daga wannan suna nasu ne kalmar majigi ta shigo bakinmu. Ran 28 ga Disamba, 1895, wasu 'yan'uwa biyu da ake kira Lumière suka nuna hoto mai motsi ga jama'ar da suka biya kuɗi a birnin Paris. A ƙasarmu kuwa, zamanin Turawa, motar majigi ce take zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko ƙofar gidan hakimi, ana nuna tsabta da noma, wani yana fassarawa da lasifika. Wasu mutanen lokacin suka sa masa suna dodon bango. To, ka tambayi kowane dattijo da ya ga wannan zamani, zai gaya maka ba a taɓa kunna majigi da rana ba. Sai an jira magariba ta wuce, duhu ya sauka. Masu motar nan sun san abin da Alhaji bai sani ba.

Fasali na biyu: Majigi ba ya jefa baƙi

Mu masu allo mun saba da rubuta baƙar tawada a kan farin allo. Kadan allon ya yi haske, tawadar ta yi baƙi, sai rubutu ya fito raɗau, ko a tsakiyar rana. Shi kuwa allon majigi akasin haka yake. Abin da majigi yake da shi haske ne kaɗai. Yana iya jefa ja, da kore, da shuɗi, ya gauraya su su ba da kowane launi, amma ba shi da baƙin da zai jefa. Inda ka ga baƙi a cikin hoton, wurin ne majigi ya kame haskensa bai jefa kome ba, watau abin da kake gani a nan farin ƙyalle ne a cikin duhun ɗakinka. Kadan ɗakin yana da duhu, wurin ya yi baƙi ƙirin, hoto ya fito. Kadan kuwa rana tana leƙowa ta taga, wurin ya koma fari, gama dā ma fari ne, sai hoto ya koɗe.

Saboda haka rabin hoton mai kanti ne yake sayar maka, watau haske. Ɗaya rabin, watau duhu, babu kantin da ake sayar da shi, kai za ka gina shi da hannunka. Kuma ba rana kaɗai ce abokiyar gaba ba. Hasken da ya sauka a kan allo yakan tashi ya bugi farin silin da farin bango da tayil, ya komo kan allon ya wanke baƙin da ke ciki. Wannan shi ya sa ko da dare hoton Alhaji bai yi kyau ba.

Maganin abin guda uku ne. Na ɗaya, a zaɓi ɗaki mai ƙarancin taga, a rufe tagar da labule mai kauri wanda ko ka kara shi da rana ba ka ganin haske ta cikinsa, ya kuma zarce gefen tagar da kamar taƙi guda ta kowace fuska. Na biyu, a shafa wa bango da silin fenti mai duhu marar ƙyalli, ko toka-toka mai duhu, ko ruwan ƙasa, ko shuɗi mai duhu, musamman bangon da allo yake da abin da ke kusa da shi. Na uku, a shimfiɗa darduma mai duhu a gaban allo ta rufe tayil. Wanda ya ga soron ƙasa irin na kakanninmu, mai kaurin bango da 'yar ƙaramar taga can sama, ya ga ɗakin da ya fi falon zamani dacewa da wannan aiki nesa ba kusa ba.

Fasali na uku: Awo kafin ciniki

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wannan aiki kada ka dogara ga ido, ɗauki igiyar awo. Kuma ga jerin yadda ake yi: a auna ɗaki, sa'an nan a san mazauni, sa'an nan a yanke girman allo, majigi shi ne na ƙarshen saye. Alhaji ya faro ta ƙarshe, shi ya sa ya sha wuya.

Girman allo ana faɗinsa da inci, amma daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ake aunawa, ba faɗinsa ba. Allon wannan zamani, kadan faɗinsa kashi 16 ne, tsayinsa kashi 9 ne. Mai inci 100 faɗinsa ƙafa 7 da inci 3, tsayinsa ƙafa 4 da inci 1. Mai inci 120 faɗinsa ƙafa 8 da kusan inci 9, tsayinsa ƙafa 4 da inci 11.

Game da mazauni, masanan sinima sun ce allo ya cika tsakanin daraja 30 zuwa 40 na abin da ido yake ɗauka. Sauƙin lissafin shi ne, ga allo mai inci 120 a zauna tsakanin ƙafa 12 zuwa ƙafa 16 daga gare shi. Ga mai inci 100 kuwa, tsakanin ƙafa 10 zuwa 13. Wanda ya matso fiye da haka zai yi ta juya wuya kamar mai kallon sukuwa, wanda ya ja baya da yawa kuwa ya yi asarar girman da ya biya. Ke nan ɗaki mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa 13 ya ishi allo mai inci 120.

Sai tsayin rataya. Ƙa'idar ita ce, kadan ka kasa tsayin allo kashi uku, idon mai zaune ya yi daidai da ƙarshen kashi na ƙasa. Masu kafawa sun saba da aunawa daga kujera, alhali kuwa a yawancin gidajenmu mata da yara a kan darduma suke zama. Kadan haka iyalinka suke, sauko da allon ƙasa, kada su kwana da ciwon wuya. Kadan za a yi sahu biyu, a gina wa na baya dakali mai kamar ƙafa guda, domin kan na gaba kada ya tare su.

Sa'an nan kowane majigi yana da nasa lissafin jifa, watau nisan da yake bukata domin ya cika faɗin allo, kuma ana rubuta shi a cikin takardarsa. Kadan an rubuta 1.5, ma'anarsa ka ninka faɗin allonka sau ɗaya da rabi: allo mai inci 120 zai bukaci majigi ya tsaya kamar ƙafa 13 daga gare shi. Akwai mai gajeren jifa, kamar 0.5, wanda ƙafa 4 da 'yan kai ta ishe shi. Akwai kuma wanda ake ajiyewa a kan teburi dab da gindin allo, amma shi ba ya yafe wa allon da ke da ko ɗan lanƙwasa. Ka sa idon majigi ya fuskanci tsakiyar faɗin allo sosai. Kadan ya karkace, hoto zai fito gefe guda ya fi gefe faɗi. Akwai maɓallin da ke miƙe shi, amma da rage kyawun hoton yake yi, saboda haka gyaran mazaunin majigi ya fi.

Fasali na huɗu: Abin da za ka tambayi mai kanti

Tambaya ta farko ita ce ƙarfin haske, wanda ake aunawa da lumen. Awo na gaskiya shi ne wanda ake kira ANSI, inda ake kasa hoton gida tara a auna hasken kowane gida a fitar da matsakaici. Akwai ƙananan majigai masu araha da ake buga wa dubbai masu yawa a jikin kwali da wani awo dabam, alhali haskensu na gaskiya bai kai ko kusa ba. Araha ba ta ado. Kadan ba ka ga an ambaci ANSI ko ISO a gefen lambar ba, kada ka ɗauke ta da muhimmanci.

Ma'aunin da gidajen sinima suke bi, kadan aka lissafa shi a kan allo mai inci 120, bai wuce lumen 600 zuwa 700 ba, a ɗaki mai duhu sosai. Amma lambar da ke jikin kwali ta hali mafi tsananin haske ce. Kadan aka daidaita launi ya yi kyau sai ta ragu ƙwarai, kuma ƙwan fitila yana dushewa da tsufa. Domin haka mai lumen 2,000 zuwa 3,000 ya wadatar. Ka kuma sani haske kamar man shanu ne a kan tuwo: kadan ka ninka faɗin allo sau biyu, filinsa ya ninku sau huɗu, hasken kowane wuri ya koma rubu'i. Kwaɗayin ƙaton allo da ƙaramin majigi shi ke kawo hoto mai dishi-dishi.

Tambaya ta biyu ita ce yawan ɗigo, gama hoton da ƙananan ɗigo-ɗigo aka jera shi. Wanda ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a faɗi da 1,080 a tsaye, jimla miliyan biyu da 'yan kai. Wanda ake kira 4K yana da 3,840 da 2,160, jimla miliyan takwas da 'yan kai. A nan akwai wata dabara ta 'yan kasuwa: sai a rubuta majigi yana karɓar 4K, alhali ɗigon da yake fitarwa kaɗan ne. Karɓa dabam, fitarwa dabam. Tambayi adadin ɗigonsa na asali. Ga allo mai inci 100 ko 120, kada ka sauka ƙasa da 1080.

Tambaya ta uku ita ce irin cikinsa. Akwai mai LCD, wanda yake raba farin haske gida uku, ja da kore da shuɗi, kowanne ya ratsa nasa ɗan gilashi, sa'an nan a haɗa su. Akwai mai DLP, wanda Larry Hornbeck ya ƙago tushensa a kamfanin Texas Instruments na Amurka a 1987. Shi wannan ƙananan madubai ne masu ɗimbin yawa a kan abin da bai fi farcen babban yatsa ba da yawa, kowanne yana karkata sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, ya tura haske zuwa allo ko ya kau da shi. Wasu mutane idonsu yakan ga walƙiyar bakan gizo a irin wannan, wasu ba sa gani. Saboda haka ka tafi da wani daga cikin iyalinka a kunna muku ku duba kafin ka biya.

Tambaya ta huɗu ita ce fitilarsa. Mai ƙwai irin na dā yakan yi awa 2,000 zuwa 5,000 kafin a sake ƙwan. Mai leza ko LED ana ƙiyasta masa awa 20,000 ko fiye. Yi lissafi irin na kasuwa: kadan ana kunnawa awa uku kullum, ƙwai mai awa 4,000 zai kai shekara uku da wata takwas, awa 20,000 kuwa ta haura shekara goma sha takwas. Kafin ka sayi mai ƙwai, tambayi kuɗin sabon ƙwan da inda ake samunsa. Kadan na hannu za ka saya, majigi yana ƙirga awannin da ya yi, a buɗe maka ka gani. Kuma ƙwan nan akwai zaiba a cikinsa, kada a bar wa yara wanda ya mutu su yi wasa da shi.

Fasali na biyar: Allo da murya

Allo ba lalle sai na kanti ba. Bangon da aka yi wa shafe ya yi sumul, aka shafa masa farin fenti marar ƙyalli, yana aiki. Fenti mai ƙyalli kuwa zai tara haske wuri guda kamar rana a cikin kwano. Ko kuma kafinta ya haɗa firam na katako, a ɗaure farin yadi mai kauri a ja shi ya miƙe kamar fatar ganga, a sa baƙin yadi a bayansa domin kada haske ya ratsa ya komo. A kewaye gefensa da baƙin ƙyalle mai faɗin inci uku, irin karan-miski, sai ido ya ga hoton ya ƙara fitowa. Wannan kam Alhaji bai bukaci malami ba, sana'arsa ce.

Game da murya, 'yar lasifikar da ke jikin majigi ba ta isa ba, kuma a bayanka take, alhali mai magana yana gabanka. Tsarin da aka sani shi ne lasifika biyar da babba guda: ɗaya a tsakiya ƙarƙashin allo, ita ke ɗauke da yawancin zance, biyu dama da hagu, biyu a gefen masu zama, ɗan baya kaɗan, sai babbar mai gurnani a ƙasa. Wanda bai da halin wannan, biyu masu kyau dama da hagu sun fi shida marasa kyau.

Amma a nan ma ɗaki ne shugaba. Tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya. Kadan ka ji ƙarar tana kai da komowa, to siminti da tayil za su cakuɗa zance har ba a fahimta, ka yi ta ƙara murya a banza. Darduma da labule da kujerun katifa da kantar littattafai su ke shanye wannan amsa-kuwwa. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke daidai ya fi kowanne wahalar gyara. Ka kuma tuna gurnanin babbar lasifika yana ratsa bango. Fita waje da dare ka saurara daga gefen maƙwabcinka. Kadan kana ji, shi ma yana ji, kuma yana da hakki a kanka.

Fasali na shida: Zafi da ƙura da wuta

Littattafan Turawa a kan wannan aiki ba su san bazarar Kano ba, ba su san hunturu ba. Yawancin majigai an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce daraja 35 zuwa 40 ba, mu kuwa a watan Afrilu inuwa ma takan kai 40. Majigi mai ƙwai yana cin wat 200 zuwa 350, kusan duka zafi suke komawa, kuma kowane mutum da ke zaune yana fitar da zafi kamar wat 100. Mutum goma a rufaffen ɗaki, ka ga an hura murhu ke nan.

To, ga matsala: duhu yana son a rufe, numfashi yana son a buɗe. Maganinta yana cikin maganar malamin Basra da kuma ginin gidajenmu. Dubi yadda ƙofar zaure ba ta fuskantar ƙofar shigifa, domin mai wucewa kada ya hango cikin gida, amma mutum yana shiga ya karkata ya wuce. Haka za a yi wa iska: a yi mata kafa mai lanƙwasa biyu, a shafa wa cikinta baƙi, a sa 'yar fanka mai zuƙo iska. Iska tana bin lungu, haske ba ya bi. Mai hali ya sa na'urar sanyaya ɗaki, amma duk da haka a bar hanyar sabuwar iska.

Kada a cusa majigi cikin akwati ko a manna shi da bango, a bar masa sarari ta inda yake shaƙa da inda yake fitarwa. Lokacin hunturu a riƙa cire soson da ke tace masa ƙura ana kakkaɓewa a kai a kai, a lulluɓe shi bayan ya huce. Kada a goge idonsa da gefen riga, ƙura tana karce gilashi. Kadan za a rataye shi, a kafa ƙarfen a jikin kankare ko katako mai ƙarfi, ba a jikin silin ba, gama a kan 'ya'yanka yake rataye. A kuma hana yara leƙa idonsa yana kunne, musamman mai leza.

Sai wutar lantarki. Majigi mai ƙwai, in an kashe shi, fankarsa takan ci gaba da juyawa har ƙwan ya huce. Kadan aka ɗauke wuta farat ɗaya, fanka ta tsaya, zafi ya zauna a ciki ya rage wa ƙwan kwana. Domin haka a haɗa shi da na'urar daidaita wuta, da batir ko inbata da za ta riƙe shi ko da minti biyar ne a kashe shi bisa ƙa'ida. Janareta kuwa a waje yake zama, nesa da taga da kafar iskar nan. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, barcin da ba a tashi. Rufaffen ɗaki cike da mutane shi ne wurin da ta fi saurin kisa.

Fasali na bakwai: Ƙofa

Iyayenmu a Kano ba su manta da ran 13 ga Mayu, 1951 ba, ranar da gobara ta tashi a gidan sinima na El Duniya, mutum fiye da 300 suka rasu. Fim na wancan zamani da wani abu mai saurin kama wuta ake yinsa, kuma da wuta ta tashi sai jama'a suka yi cunkoso wajen neman fita. Majigin yau ba shi da wannan fim, amma darduma da labule da katifa da wayoyin lantarki a cikin duhu, duka abincin wuta ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ƙofar ɗakin ta riƙa buɗewa waje. Kada a taɓa sa mata kwaɗo ko sakata ta baya alhali da mutane a ciki. Kada a ajiye kujera a hanyarta. A sa 'yar fitila mai rauni dab da ƙasa kusa da ita, wadda ba ta haska allo amma tana nuna hanya. Kada a bi da waya ƙarƙashin darduma, kada a tara na'urori da yawa a soket guda, kuma ƙwararre ne zai ja wayar. A rataye tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, a koya wa manyan gida yadda ake amfani da ita.

Khatima

Alhaji bai mayar da majiginsa ba. Ya bar falo, ya koma wani ɗaki na ciki mai taga guda wanda dā ake tara kaya. Aka shafa fenti mai duhu, aka rataya labule, aka shimfiɗa darduma, aka juya ƙofa, aka huda wa iska hanya. Abin da ya kashe a wannan duka bai kai kuɗin majigin ba. Ranar da aka kunna ya aiko aka kira ni. Na'urar nan dai ita ce, ba a sake mata kome ba, amma sai ga korayen ciyawar fili da fuskokin mutane sun fito sarai. Ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe na zagi bawan Allah a banza." Na ce, "To, Alhaji, gobe ka biya ta kantinsa ka nemi afuwa." Ya kuwa je.

Saura magana guda. Tun zuwan sinima ƙasar nan malamanmu suka yi ta magana a kanta, kuma wannan shafi na yau ba wurin yanke hukunci ba ne. Abin da zan ce kaɗai, allo ba ya zaɓen abin da za a rubuta a kansa, mai alƙalami ne yake zaɓa. Wanda ya gina wannan ɗaki domin ya tsare 'ya'yansa daga titi, sa'an nan ya miƙa musu mabuɗi ya tafi kasuwa, bai yi kome ba sai kawo titin cikin gidansa, ya kuma sa masa labule. Mai gida ya san abin da ake nunawa, ya sa lokacin buɗewa da na rufewa, kada ya ci lokacin salla ko na karatu, ya kuma riƙa zama tare da su. Alhaji ya gaya mini yanzu yaran maƙwabta ma nan suke taruwa, shi kuma yana zaune a sahun baya kusa da ƙofa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a cikin abin da muka mallaka. Wassalam.